Keken Saikal a Tsallaken Kogi

Tun daga kan tudu Saikal ta hango hayaƙin bukkar kakarta, sai gabanta ya faɗi. Ba wai ba ta son tsohuwar ba ne. Da za a tambaye ta wa ta fi ƙauna a duniya, ba za ta tsaya dogon tunani ba. Amma duk yawan kwaruruwan da Allah ya shimfiɗa a ƙasar Naryn, masu tsara tseren bana ba su ga inda za su bi da hanya ba sai ta makiyayar kawunta, kuma Saikal ta san halin danginta sarai.

Kwana da kwanaki ke nan tana bisa keke. Irin tseren nan ne da ake nuna maka hanyar tsakuwa da duwatsu, hawa bayan hawa, a ce je ka, daga kai sai kekenka sai abin da ka iya ɗaure masa. Ka kwana inda barci ya kayar da kai, ka ci abin da ka samu. Dokar ba ta da yawa, amma ba ta lanƙwasuwa. Duk taƙin hanyar da ƙarfin jikinka za ka ci shi, kai da keken. Abin da ake ba kowane mai wucewa kana iya karɓa, amma ba wanda zai taimake ka don ya san ka.

Wannan ta ƙarshen ita ta kayar da ita bara. Yayanta ya biyo ta da mota, tausayi ya kama shi da ya ga yatsunta sun yi shuɗi, ya miƙo mata safar hannu ta taga. Ta karɓa. Aka cire ta, aka kuma gaya mata cikin ladabi cewa in aka sake, kada ta ƙara neman shiga. Shekara guda tana jin ana cewa ai dama 'yan ƙasa sai dai dafa wa baƙi shayi da tuƙa motar ceto, kammala tsere sai waɗanda suka zo a jirgi. Saboda haka bana ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya ta gargaɗe su: in kun gan ni a hanya, ku ɗauka ba ku taɓa ganina ba.

Yau kuma ba ta da lokacin ɓatawa. Akwai zangon tantancewa a bayan kogin Kara-Suu, sai an tsallake an yi wani dogon hawa, kuma da rana ta faɗa bayan tsauni an rufe shi. Wanda ya makara ya fita. Shi kuwa kogin, ko jariri a nan ya san halinsa. Da safe ruwa ne mai ladabi, iya gwiwa. Da rana ta gasa ƙanƙarar kan tsauni sai ya fara kumbura, kafin la'asar ya zama wani abu daban. Ga shi rana ta riga ta karkata.

Niyyarta ta sunkuyar da kai ta wuce a guje. Ina! Tayene Burul, kakarta ta wajen uwa, tana tsaye a tsakiyar hanya da farin ɗankwali, riƙe da faranti, kamar an dasa ta. Saikal ta matse birki har tayar baya ta ja tsakuwa.

"Tayene, don Allah ki kauce. Ba zan iya tsayawa ba."

"Ji min yarinya! Ko gaisuwa babu? Dubi fuskarki, kamar busasshen nama. Sauka ki sa gurasa a baki."

"Na gaya muku doka ta hana..."

"Wace doka? Tun shekaranjiya duk mai keken da ya bi ta nan sai da ya ci gurasata. Har wani dogon Bature mai jan gemu, shi da ya cinye mini man shanu tas yana ta sunkuyo da kai. Ke ce kaɗai za ki tsallake gurasa ki wuce? A gidan wa aka haife ki?"

Saikal ta dubi farantin. In kowa ya ci, ita ma ya halatta ta ci. Kuma ba a fito wa matafiyi da gurasa ya wuce bai taɓa ba, wannan ba ta buƙatar a tuna mata. Ta miƙa hannu za ta gutsura daga kan keke, tsohuwar ta janye farantin.

"A tsaye, kamar akuya? Shiga ciki."

Ta jingina keken da turken da ake ɗaure dawaki, ta cire takalmi, ta sunkuya ta shiga. Kawunta Toktosun, ƙanin mahaifiyarta, yana zaune yana gyaran linzami. Ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa ya kwashe da dariya.

"A'a, ga jarumarmu! Mu da muka ba ki goɗiya tun kina rarrafe, kika ƙare da abin da ba ya cin ciyawa. Wai shin ke kike ɗauke da shi ko shi yake ɗauke da ke?"

"Taike, ai shi ba ya harbi, ba kamar dawakinka marasa tarbiyya ba," in ji ta. Taike ake kiran kawu a nan.

"Bakin dai yana nan, alhamdu lillahi. Zauna, 'yata."

Ta zauna da nufin kurɓa biyu ta tashi. Murhu yana ci, shimfiɗar gashin tumaki ta karɓi ƙasusuwanta, shayin da madara ya sauka cikinta da ɗumi. Ta ji Tayene tana ba ta labarin wata tunkiya da ta haifi tagwaye. Ta ce bari ta lumshe ido kaɗan, don tsakuwar da ta cika mata su.

Haushin kare ne ya farkar da ita. Ta zabura. Hasken da ke saukowa ta ƙofar saman bukkar ya matsa daga inda ta bar shi, an lulluɓa mata bargo, kawun kuma ba ya ciki. Ta fito da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Ba keke a jikin turke.

Sai ga Toktosun yana hawowa daga bakin kogi bisa baƙin dokinsa, dokin jiƙe sharkaf har ciki, shi kuwa baki har kunne.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Dokin ƙarfenki yana can tsallake, na jingina shi da dutse, ko ɗigon ruwa bai taɓa jakunkunan ba. Sa takalmin ki hau bayana."

 Saikal ta kai dubanta tsallaken, ga keken can, jar jakarsa tana ɗaukar ido.

"Taike, me ka yi mini?"

"Me na yi? Baƙo ya sauka a ƙofata, abin hawansa ya zama nawa har ya tashi. In doki ne in shayar da shi in kai shi bakin hanya. Naki ba ya shan ruwa, sai na tsallakar da shi. Ko so kike a ce 'yar 'yar'uwata ta kutsa Kara-Suu da ƙafa ni ina zaune da dawaki a ɗaure? Wa zai ƙara gaishe ni a kwarin nan?"

"Ka kashe ni, Taike! Ka kashe ni! Ban gaya maka ba? Ban roƙe ka ba?"

"Kin ce kada in ba ki komai. Na ba ki wani abu?"

Wallahi da ba kawunta ba ne da ta jefe shi da takalmin. Ta yi masa bayani: ita da keken, tare, da ƙarfinta, daga inda ta ajiye shi. Ya saurara yana shafa wuyan doki, irin sauraron da ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki.

"To wa ya gani?" in ji shi. "Duba hagu, duba dama. Tumaki ne za su kai ƙara? Wannan 'yar na'urar da ke ƙyafta ido a jikin keken, ta san bambancin ƙafar doki da taki?"

Na'urar ba ta sani ba, aikinta kawai ta nuna wa masu tsara tseren inda keken yake a taswira. Ba ta nuna komai sai cewa keken ya tsallaka, kuma masu kallo a birni sun riga sun ga ɗigonta a can gefen.  Ba ƙarya, ran Saikal ya biya. Ta ga kanta a bayan doki, a bushe, ta ga kanta ta isa zango da sauran rana. Sai kuma ta ga Toktosun a wurin biki, ya sha nonon goɗiya mai bugarwa ya yi ɗumi, yana bugun ƙirji yana cewa ai ni na tsallakar da ita. Mutumin da bai taɓa riƙe magana ta kwana a cikinsa ba! Ko ma ya yi shiru, ita fa? Da wane ido za ta dubi yayanta, wanda ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwarsa saboda safar hannu?

"Je ka dawo da shi," ta ce. "Ka mayar da shi jikin turke yadda ka same shi. Sai in ɗauka da kaina."

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya juya ya dubi kogin, ya daɗe yana dubansa.

"Ba zan dawo da shi ba."

"Taike!"

"Kin ɗauka ban san abin da nake yi ba ne? Ruwan nan ya taɓa cikin dokina. In na dawo da shi, za ki saɓa shi a kafaɗa ki shiga. Bara ya tafi da maraƙina biyu a daidai wannan lokacin. Keken yana can, doki yana nan. Hanya ɗaya ce."

Ashe da gangan ya yi. Ta sa ɗaya takalmin, ta ɗaure igiyarsa tamau, ta nufi gangara. Tayene ta biyo ta tana kiran sunanta, tana kiran sunan uwarta, tana zagin masu tseren da wanda ya ƙera keke.

Sanyin ruwan ya sare ta kamar an buga mata itace a ƙwauri. Launinsa ya koma na shayi da madara, ba a ganin ƙasa, sai dai ka ji duwatsu suna gungurawa a ciki, gudum, gudum. Ta juya gefe, ta fuskanci inda ruwan ke fitowa, tana jan ƙafa ɗaya tana lalube kafin ta ɗaga ɗayar. Ya kai gwiwa, ya kai cinya. A tsakiya ya ture ta sau ɗaya, ta buɗe hannuwa ta tsaya. Ta fita a tsallake haƙoranta na kaɗawa.

Daga can Toktosun ya ɗaga murya yana murna. "Shi ke nan! Kin tsallaka da ƙafarki! Hau ki tafi, Allah ya kiyaye hanya!"

Ta zura hannu ta cikin ƙarfen keken, ta ɗora shi a kafaɗa da kayansa duka, ta juyo ta sake shiga ruwan. Murnarsa ta tsaya cak.

Dawowar ta fi wuya nesa ba kusa ba. Keken ya yi mata nauyi a gefe guda, tayar baya tana taɓa ruwa, duk taɓawar da ta yi sai kogin ya fizga kamar kare ya kama zane. Ruwan da ɗazu yake cinya yanzu ya kai ƙugu. Ta daina jin yatsun ƙafarta, sai dai ta san ta taka ƙasa in ba ta nutse ba. Da ta fito, ba ta tsaya ba. Ta tura keken ta hau tudu har bakin bukka, ta jingina shi da turken, ta sake shi, ta sake kamawa. Sannan ta juya kansa wajen kogi.

Tayene ta sha gabanta, ta kama kan keken da hannu biyu. Tana kuka yanzu, ba zagi.

"Ki kwana. Da asuba ruwan zai kwanta, ki tsallaka kamar kowa."

"Da asuba an rufe zango, Tayene."

"To a rufe mana! Me za su ba ki? Miji za su ba ki? Rai za su ba ki?"

"Ba abin da za su ba ni. Sakar mini."

Tsohuwar ta dubi ɗanta. Toktosun ya riga ya ƙara matse majayin sirdi, bai kalli kowa ba.

"Zan shiga ta ƙasanki," in ji shi. "Kogin ba na masu tsere ba ne, ina da ikon shayar da dokina inda na ga dama."

"Za ka taɓa ni. Na san ka. Da na yi tangaɗi za ka cafko ni."

"Ba zan taɓa ki ba."

"Rantse."

Ya tsaya. Farantin yana nan a kan dutse inda Tayene ta ajiye. Ya sunkuya ya ɗauki gutsuren gurasa, ya riƙe shi a gaban fuskarsa.

"Gurasar nan ta buge ni in na sa miki hannu."

Tayene ta dafe ƙirji. A nan ba a wasa da wannan rantsuwar, kuma su ukun duk sun sani.

Rana ta sauko har tana neman taɓa kan tsauni, inuwa ta fara cin kwarin daga yamma. Saikal ta saɓa keken, ta yi bisimilla, ta shiga karo na uku. Ta ji dokin ya shigo ta hagunta, yana huci, yana jin tsoro shi ma. Ba ta dube shi ba. Ta kafa ido a kan wani farin dutse da ke tsallake, ta ce wa kanta can za ta, ba wani wuri ba.

Ƙarar ruwan ta cika mata kunne har ba ta jin numfashinta. Gwiwa. Cinya. Ƙugu. Tun ba ta kai tsakiya ba ya wuce inda ya tsaya ɗazu, ya kama haƙarƙarinta, numfashin ya ɗauke. Ta ɗaga keken sama iya ƙarfinta, ƙarfen yana cin ƙashin kafaɗarta. Taku ɗaya. Ta lalubo, ta samu wurin tsayawa. Wani takun. Farin dutsen ya matso, har tana ganin tsagar da ke jikinsa. Ta ce a ranta, saura kaɗan, Saikal, saura kaɗan.

Ba ta ga dutsen da ya gunguro ba, ba ta ma ji zafinsa ba. Ƙafarta ta dama kawai ta ji babu ita. Ta karkace, tayar keken ta nutse, kogin ya samu abin da yake nema tun ɗazu. Sama ta juye. Ruwa ya shiga hancinta da bakinta, yashi ya cika haƙoranta, keken ya danne ta ƙasa, bayanta ya bugi wani abu, ya sake bugun wani. Duhu da ƙara. Ta nemi ƙasa babu, ta nemi sama babu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba, tsoron mutuwa tsirara, ba tsere a cikinsa, ba doka, ba kowa.

Sai kanta ya fito. Ta ja iska da tari. Wani abu yana jan ta da ƙarfi ta cikin ruwan, ƙafafunta suna jan ƙasa a baya, keken yana rataye a gwiwar hannunta na dama. Ta ji kofato yana sarar tsakuwa, ta ji ruwan yana sauka daga ƙirji zuwa ciki zuwa gwiwa. Aka tsaya. Tana durƙushe a tsallake, a gefen dokin da ke karkarwa, tana amayar da ruwa.

Ta daɗe kafin ta ɗago. Keken yana nan, ko waya ɗaya ba ta karye ba. Rana tana nan, ɗan gefenta bai faɗa ba tukuna, ga hanyar hawan a buɗe a gabanta. A bayanta kuwa kogin ya rufe, yau ko doki ba zai sake shigarsa ba. Rabin mashigin nan ba ita ta ci shi ba, doki ne ya ci mata.

Toktosun yana bisa sirdi. Hannayensa biyu suna damƙe da kan sirdin, ya saki linzami ma gaba ɗaya, jijiyoyin hannun sun fito raɗa-raɗa. Fuskarsa ta jiƙe, kuma ba duka ne ruwan kogi ba. Ya sunkuyo ya dube ta, ya dubi wajen ƙafarsa, ya yi saurin kawar da kai.

"Ni ne," in ji shi, muryar a dushe. "Ni na fizgo ki. Ki gaya musu haka. Ki ce kawunki ne, wani tsohon makiyayi da bai san doka ba, ya cafke ki ba da sonki ba, kina ihu kina cewa ya sake ki. Zan je har birnin in faɗa da bakina. Ba za su kama ki da laifina ba."

"Ka rantse da gurasa, Taike."

"Na karya. Kowa ya ji, na karya. Ina ruwanki? Ni za ta buga."

Saikal ta bi inda idonsa ya guje wa. Hannunta na hagu yana sama, a jikin dokin. Yatsunta sun naɗe fatar likkafa sun ƙulle, sun yi fari fat, farce ɗaya ya tsage yana jini. Ta umarce su su saki, suka ƙi. Ba ta tuna lokacin da ta miƙa shi ba, amma hannunta ne.

"Hannayenka suna kan sirdi," ta ce. "Ba ka karya komai ba."

 Daga can tsallaken, Tayene tana ta ɗaga ɗankwalinta tana kiran abin da ruwa bai bari a ji ba. Saikal ta ji kukan yana taso mata tun daga ciki, na baƙin ciki da na jin daɗin tana numfashi, duk a cakuɗe, ta bar shi ya zo.

"Taike, buɗe mini yatsun nan. Sun ƙi sakewa."

Ya zare ɗaya ƙafar ya sauko a hankali don kada ya motsa likkafar. Ya durƙusa a gabanta, ya miƙo hannu, sai ya tsaya bai kai ba.

"Ya halatta in taɓa ki?"

"Yanzu ya halatta. Na riga na fita daga tseren."

Ya kama hannun nata cikin nasa, yana hura masa iskar bakinsa, yana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.